Darasin teburin karta ga mai neman zinariya: yadda ake zama da mai garaje

Tun cikin shekara ta 2014 da zinariya ta bayyana a arewacin jihar Agadas, sunan Tchibarakaten ya shiga bakin ƴan kasuwa daga Arlit har Maraɗi. Wuri ne a tsakiyar hamada, dab da iyakar Aljeriya, nisan ɗaruruwan kilomita daga Arlit, inda ruwan sha ma sai mota ta kawo shi. A Jado, inda aka fara samun zinariyar cikin watan Afrilu na wannan shekara, na'urar bincike da shebur sun ishi mutum, domin ƙarfen yana kusa da doron ƙasa. A Tchibarakaten kuwa yana kwance cikin jijiyar dutse: sai an gina rijiya mai zurfin mitoci da dama, an fasa, an niƙa, an wanke. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, masu haƙa da yawa suka kwararo nan, ƴan ƙasa da baƙi daga Sudan, Cadi da Najeriya.

Duk wanda ya san irin wannan kasuwa ya san wani mutum da ba a rasawa cikinta. Shi ne mai shiga kowane ciniki, mai ɗaga farashi tun kafin a gama auna kaya, mai zuba kuɗi a rijiya goma lokaci ɗaya. Mai ƙaramin jari in ya bi shi ya karye, in ya kauce masa kullum ya rasa abin saye. To, akwai wani fage da aka shafe fiye da shekara 50 ana nazarin wannan irin mutum da alƙalami da lissafi, wato gasar wasan karta da ake kira poker. Abin da gwanayen wannan wasa suka gano ya cancanci ɗan kasuwa ya saurara, ko da bai taɓa riƙe karta ba, kuma ba ya da niyyar riƙewa.

Wasan da ya tashi tare da zinariya

An haifi poker a Amurka farkon ƙarni na 19, wajen birnin New Orleans, kuma masana da dama suna danganta sunansa da wani tsohon wasan Faransawa mai suna poque. Ya bi jiragen ruwan kogin Misisipi, sa'an nan ya bi masu neman zinariya zuwa Kalifoniya bayan 1848. A garin Deadwood, wani sansanin zinariya, aka harbe shahararren ɗan bindigar nan Wild Bill Hickok ta baya ranar 2 ga watan Agusta 1876, yana zaune bisa teburin poker. Kuɗin da ya zo dare ɗaya da teburin karta tsofaffin maƙwabta ne.

A 1970 wani mai gidan caca na Las Begas, Benny Binion, ya kafa gasar duniya ta wannan wasa. Tun 1972 kuɗin shiga babbar gasar dalar Amurka 10,000 ne. A 2003 mutum 839 suka shiga. A 2024 sun kai 10,112.

Ga yadda salon da aka fi bugawa yake. Karta 52 ce, kamar cikakken kwali kafin ƴan belot su cire ƙananan. Ana ba kowa karta 2 a ɓoye, sa'an nan a buɗe 5 a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: 3 da farko, sai 1, sai ta ƙarshe. Kafin buɗewar farko da bayan kowace buɗewa ana zagayen zubi, inda mutum ke da zaɓin ya janye, ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara. Wanda ya haɗa karta 5 mafi ƙarfi shi ke kwashe tulin tsakiya, sai fa in kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, to shi wannan ya ci ba tare da ya nuna komi ba. Nan burga take samun wurin zama.

A gasa, kowa yana farawa da adadi ɗaya na ƙwandalolin roba da ake kira jeto. Wanda nasa suka ƙare ya fita. Akwai kuma zubin dole da ke zagaya tebur, wanda ake ƙara masa yawa bayan kowane ɗan lokaci, ta yadda mai zaman jira kawai zai ga jarinsa yana narkewa.

Wane ne mai garaje?

Karta 2 daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanya 1,326. As biyu, hannun da ya fi kowane, yana zuwa sau 1 cikin 221. In aka haɗa manyan hannuwa duka, wato tagwaye daga goma zuwa as, da as da sarki, da as da dam, ba su kai 5 cikin 100 ba. Mai taka-tsantsan a tebur mai mutum 9 yakan shiga wajen hannu 15 zuwa 20 cikin 100. Mai garaje yakan shiga 35, 40, ko fiye, kuma kusan kullum da ƙari yake shiga.

Daga nan lissafi ya tona asirinsa. Rabon karta ba ya son kai; abin da ake ba kowa shi ake ba shi. In yana shiga ninki biyu na sauran mutane, ke nan yawancin abin da ke hannunsa tarkace ne. Bugu da ƙari, mai riƙe da karta 2 mabambanta, idan aka buɗe 3 na farko, sau 2 cikin 3 ba ya samun ko da tagwaye. Duk da haka mai garaje zai zuba, domin ya san abokin karawarsa ma sau 2 cikin 3 bai samu komi ba, kuma zai janye. Abincinsa ke nan: ƙananan tuli masu yawa da matsorata suke bar masa.

Kada a ɗauka wauta ce. Masanin lissafi John von Neumann, cikin littafin da ya wallafa da Oskar Morgenstern a 1944, ya nuna cewa burga wajibi ce a wannan wasa, domin wanda ba ya zubi sai da hannu mai ƙarfi, kowa zai gane shi ya daina biyansa. Doyle Brunson, zakaran 1976 da 1977, ya gina sunansa bisa matsa wa mutane lamba. Don haka aikin farko shi ne rarrabewa tsakanin iri biyu. Akwai gwani mai zafi, wanda ke kai hari amma ya san lokacin ja da baya. Akwai kuma ɗan ta-kife, wanda ba ya janyewa ko me aka yi masa. Ana gane su ta lura da abin da suke nunawa a ƙarshen hannu, da abin da suke yi idan wani ya mayar musu da ƙari.

Wurin zama da bakin ƙarshe

Zubi yana zagayawa ta hannun hagu. Wanda mai garaje ke zaune a damansa ya yi sa'a, domin mafi yawan lokaci sai ya ga abin da mutumin ya yi kafin ya yanke shawara. Wanda yake da shi a hagu yana cikin wahala, tunda duk abin da ya zuba ana iya ninka masa daga baya. A gasa ƙuri'a ce ke raba kujeru, saboda haka sai mutum ya gyara wasansa bisa inda ya samu kansa. In mai garaje yana hagu, a rage shiga da hannuwa masu rauni, a bar waɗanda za su iya jure ƙari. In yana dama, a faɗaɗa, a riƙa biyansa da hannuwa matsakaita, ana amfani da bakin ƙarshe.

A bar shi ya gina ramin da kansa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ramuwa: ya yi burga, a mayar masa da burga. Ɗan ta-kife ba ya jin burga, don haka kuɗin da aka zuba domin tsorata shi asara ne. Abin da ke aiki shi ne a sa garajensa ya zama makami a kansa. Mai hannu mai ƙarfi, maimakon ya yi ƙarin da zai kore shi, sai ya yi shiru ya bar shi ya zuba, ya biya, ya sake barinsa.

A 1988 Johnny Chan ya ci gasar duniya karo na biyu a jere da wannan dabara. Yana riƙe da bale da tara, aka buɗe dam da goma da takwas, wato ya haɗa jeri cikakke tun farko. Ya ɓoye ƙarfinsa har karta ta ƙarshe, inda matashi Erik Seidel, mai dam biyu kawai, ya tura duk abin da ke gabansa. A 2003 ma haka hannun ƙarshe ya kasance tsakanin Chris Moneymaker, wani akawun kuɗi daga jihar Tennessee, da Sam Farha, haifaffen Bairut wanda aka sani da son shiga kowane hannu. Moneymaker ya samu tagwaye biyu, ya yi shiru, Farha ya zuba, ya ƙara masa, Farha ya tura duka, gasa ta ƙare. Jim kaɗan kafin wannan, Moneymaker ya kori Farha daga wani babban tuli da burga tsantsa, abin da ke nuna cewa gwani mai zafi yana janyewa idan labarin da aka ba shi ya yi kama da gaskiya.

Dabara ta biyu ita ce rage tsoro wajen biya. A ɗauka akwai jika 10 a tsakiya, mai garaje ya zuba jika 10. Mai biya zai sa jika 10 domin ya ci jika 20. In ya yi haka sau 3, ya faɗi sau 2 ya ci sau 1, bai yi riba ba bai yi asara ba. Ke nan muddin mutumin yana burga fiye da sau 1 cikin 3 a irin wannan hali, biya riba ne, ko da hannun mai biyan tagwaye ne matsakaita. Hannun da ya kamata a jefar gaban dattijo mai taka-tsantsan, gaban mai garaje dukiya ne.

Idan jari ya fara ƙanƙancewa

Dan Harrington, zakaran 1995, wanda ya sake kaiwa teburin ƙarshe a 2003 da 2004, an san shi da haƙuri. Amma shi ne ya yaɗa wani ma'auni mai sauƙi: mutum ya raba jetonsa da abin da zagaye ɗaya na zubin dole ke ci masa. In amsar ta kai 20 ko fiye, yana da sararin jira da zaɓe. In ta sauko ƙasa da 10, lokacin jira ya fara wucewa. In ta kai 5, ba abin da ya rage sai ya zaɓi hannu ya tura duka tun jarinsa yana da sauran kwarjini.

A tsakanin nan ne mai garaje yake zama abinci. A ce mutum yana da ninki 20 na babban zubin dole. Mai garaje ya buɗe da ninki 2 da rabi. Haɗe da zubin dole, tsakiya ta kai wajen ninki 5. In aka tura masa duka, shi da ya shigo da hannu 40 cikin 100 ba zai iya biya ba sai da mafi kyawunsu, misali 10. Ke nan sau 3 cikin 4 zai janye, mai turawa kuma ya ƙara rubu'in jarinsa ba tare da an buɗe karta ba. Wannan yana aiki kan gwani mai zafi. Kan ɗan ta-kife kuwa, wanda zai biya da komi, sai a tura da hannun da ya fi nasa kawai.

Akwai wani abu da ya raba gasa da wasan yau da kullum. A 2003 mutum 839 sun biya dalar Amurka miliyon 8 da ɗoriya. Moneymaker ya tattara jeto duka, amma ladansa miliyon 2 da rabi ne, ƙasa da sulusi; sauran an raba wa waɗanda suka biyo baya. Ma'anar wannan ita ce jeton da mutum ya rasa ya fi wanda ya ci tsada, kuma zama cikin gasa yana da farashinsa. Wanda ya sa rayuwarsa cikin gasa a karo 3 a jere, kowane karo yana da rinjayen 60 cikin 100, damar ya tsira duka ukun ba ta kai 22 cikin 100 ba. Shi ya sa dab da lokacin da za a fara raba lada, mai jari matsakaici yakan kauce wa mai garajen da ya fi shi jari, ko da yana zaton ya ɗan fi shi hannu, ya bar masu ƙaramin jari su fara fita. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abu na ƙarshe shi ne zuciya. As biyu ma, gaban hannun da aka ɗauko da ka, suna faɗuwa wajen sau 15 cikin 100. Mai garaje zai ci wani lokaci da tarkace, ya yi dariya. Wanda ya fusata ya shiga farautarsa ya koma irinsa, ba tare da gwanintarsa ba.

Komawa bakin rijiya

Mai rijiya a Tchibarakaten yana da nasa zubin dole: man injin, ruwa, abincin ma'aikata, gyaran kayan aiki. Ana biyansu ko an samu ko ba a samu ba, kuma suna ƙaruwa yayin da rijiya ke zurfi. Ma'aunin Harrington ya dace da shi sarai. Ya raba abin da ke hannunsa da kuɗin da wata ɗaya ke ci, ya san wata nawa ya rage masa. Mai wata 20 yana iya jira. Mai wata 3 dole ya yanke shawara yau: ya nemi abokin tarayya, ya sayar da kasonsa, ko ya tattara ƙarfinsa a rijiya ɗaya da ta nuna alama. Jiran da ya wuce wannan lokaci yana cinye damar zaɓen kanta.

Mai sayen zinariya kuma yana fuskantar mai garaje ido da ido. Farashin duniya ya haura dalar Amurka 2,000 kowane oza a 2020, ya haura 3,000 cikin watan Maris 2025, ya haura 4,000 cikin Oktoba 2025, lokacin da giram ɗaya na zinariya tsantsa ya wuce jika 70. Kasuwa mai hawa tana rufa wa mai garaje asiri, domin abin da ya saya da tsada yau, gobe farashi ya cim masa. Wannan ne ke sa a ɗauke shi gwani, har ranar da farashi ya tsaya ko ya juyo.

Lissafin mai saye bai da wuya. A ce ribarsa 2 cikin 100 ce a kowane ciniki. In gasa da wani ta sa ya yi gaggawa, ya biya kuɗin karat 22 kan kayan da karat 20 ne, ya yi asarar kusan 9 cikin 100, wato ribar ciniki 4 da rabi ta tafi cikin minti ɗaya. Zinariya tsantsa ta fi ruwa nauyi sau 19 da ɗigo 3, kuma aunawa a sarari da cikin ruwa tana tona cuɗanya. Wanda ya tsallake wannan awo domin kada a riga shi ya shiga hannu da karta a rufe. Darasin tebur a nan shi ne mutum ya tsai da iyakar farashinsa kafin a fara ciniki, ya nemi bakin ƙarshe in da hali, ya bar wa mai garaje kayan da ke da shakku, ya tsaya da ƙarfi kan wanda ya auna ya tabbatar. Idan kuwa mai garajen yana biya fiye da abin da kaya za su kawo a Agadas ko Yamai bayan an cire kuɗin hanya da haɗarinta, to maimakon gasa da shi, sai a sayar masa, a karɓi kuɗi hannu da hannu. Bashi ga mai rijiya goma igiya ce da ke ɗaure mai bayarwa da faɗuwarsa.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda masu taka-tsantsan ba su son ji. Wanda ke janyewa duk lokacin da aka ɗaga murya, masu haƙa za su daina kawo masa kaya, haya da abinci kuma su cinye jarinsa sannu a hankali. Sau da yawa ɗaga farashin burga ce, kuma ana gane ta idan aka lura da ko mutumin yana biya nan take ko sai an bi shi.

Inda kamar ta tsaya

Ciniki da caca ba su zama ɗaya ba. A ciniki mai haƙa da mai saye duka suna iya komawa gida da riba, domin akwai kayan da aka fitar daga ƙasa. A tebur abin da wani ya ci aljihun wani ya fito, gidan caca kuma ya cire nasa kafin kowa. Shi ya sa mafi yawan masu wasan, idan aka haɗa lissafin shekara, asara suke yi. A gasa ma wajen mutum 85 cikin 100 suna fita hannu wofi. Addinin Musulunci ya haramta caca ƙarara, kuma ma'aikacin da ya taɓa ganin albashin abokin aikinsa ya ƙare kan takardar tseren dawakin Faransa tun kafin goma ga wata ba ya bukatar dogon bayani.

Mafi shahara cikin masu zafin hannu shi ne Stu Ungar, wanda ya ci gasar duniya a 1980, 1981 da 1997, kuma da yawa suna ganin ba a taɓa yin kamarsa ba. A 1997 ladan gasar dalar Amurka miliyon 1 ne, ya raba da wanda ya biya masa kuɗin shiga. Caca kan wasanni da dawaki da miyagun ƙwayoyi suka cinye kasonsa cikin watanni. Cikin Nuwamba 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki na Las Begas, yana da shekara 45, da ƴan ɗaruruwan daloli a aljihu. Harrington, mai ƙidaya zagaye nawa suka rage masa, ya kai ribarsa harkar gidaje da ba da rance, ya tsufa da dukiyarsa. Masu hikima sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga mai shirin hawa motar Arlit da jarin iyalinsa a ɗamara, tambayar da ta kamata ya amsa tun yana gida ita ce wata nawa kuɗin nan za su ɗauke shi idan rijiya ta yi shiru, kuma nawa ne daga ciki ba zai taɓa sa wa a tsakiya ba, ko wa ya ɗaga masa murya.